Na'urar da Ta Haddace Jiya

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gani. Ba mantawa na yi ba, gona ce ta riƙe ni. Ku zauna ku karanta da hankali, ban da tsallake layi.

*

Ranar suna ta zo.

Ana idar da sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Zaharaddeen, malamin lissafi a wata sakandare a nan Batsari. Matarsa Sa'adiyya ta sauka lafiya, an samu namiji. Sunan da za a raɗa kuwa ba ɓoyayye ba ne: Usman, sunan mahaifin Zaharaddeen ɗin, wanda duk ƙauyensu Karare aka fi sani da Malam Mani.

Tsohon ya iso tun jiya da yamma. Bai ko sha ruwa ba sai da ya zagaya ragon da ke ɗaure a gindin dalbejiya. Ya shafa gadon bayansa, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora. Mutum ne mai tsadar yabo, amma jiya a gaban maƙwabta ya ce,

"Wanga ya ci sunanshi rago. Allah shi yi ma nemanka albarka."

Zaharaddeen ya ce amin, kansa a ƙasa. Mutane suka ɗauka ladabi ne.

Wanda bai biyo mu daga farko ba, ga abin da ake ciki. Zaharaddeen ya daɗe yana haɗa wata dabara a kwamfutarsa. Ya kwaso sakamakon wasannin ƙwallon Turai na shekarun baya ya zuba mata: wa ya ci a gida, wa ya sha kashi a waje, wace ƙungiya ke yawan zura ƙwallo, wane ɗan wasa ke jinya. Ita kuma sai ta auna ta ce ga wanda ya fi kusa da ci a wasan gobe. In farashin da kamfanin caca ya sa ya zarce abin da ta auna, sai ya zuba kuɗi ta waya. Bai taɓa kiran abin da sunansa ba, lissafi yake cewa. Samarin gidan kallo suka raɗa mata Na'ura, suka cika guruf ɗinsa na hira a waya, duk abin da ya faɗa shi suke bi.

Uban kuma abin da ya sani ɗaya ne: yaron yana yi wa wasu mutane aikin lissafi a kwamfuta.

Da kuɗin Na'ura aka sayi ragon nan.

Zaharaddeen yana tsaye yana gaisawa da baƙi, Lawal mahauci ya matso yana goga wuƙa a tafin hannu.

"Angon ƙarni, angon ƙarni. Ka ga yadda ka rame kuwa? Sai ka ce kai ka yi naƙudar."

"Lawal, ka bar ni da safiyar nan."

Lawal ya sassauta murya.

"Ni fa ba na son ladan fiɗa. Ka riƙe fatarka ma. Wasa biyu na Asabar kawai za ka raɗa min a kunne."

"Baba yana nan, kai wane irin mutum ne?"

"Ai shi ya sa na ce a kunne. Af, na manta, wata tsohuwa na jiranka a zaure. Har da kaza ta zo. Barka ta fara da kyau."

Zaharaddeen ya shiga zaure.

Tana durƙushe a lungu, ƙafafunta fututu da ƙura, ta yafa wani tsohon zane. Budurwar kaza na gabanta an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Bai taɓa ganin matar ba.

"Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau, Malam. An tashi lahiya? Ina gajiya? An ce an samu ƙaruwa, Allah shi raya."

"Amin, Inna. Ki shiga ciki mana, mata suna can."

"A'a, ba suna ya kawo ni ba. Kai ne malamin Na'ura?"

Ya waiga ƙofa.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Yasir, ɗan ƙanena, mai acaɓa. Wurinshi na kwana. Ni Tasalla nike, daga Babban Duhu, ƙasar Safana."

Ta kwance bakin zanenta a hankali, ta fito da wata hula da ta ƙoƙe, ta miƙo masa da hannu biyu.

"Ta Daudu ce. Ɗana. Mutanen daji sunka ɗauke shi a gona tun ana noman fari, ga shi har an yanke gero. Da suna kira a waya, muna jin muryarshi. Yanzu sun bar kira."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana shi, Inna."

"Amin. Ni ba roƙo na zo ba, Malam. Yasir ya ce kana da na'ura mai faɗin abu tun bai faru ba. Ya ce an gwada ta a kan shekarun da sunka wuce, ba ta yi kuskure ba. So nike ka duba mani. Daudu shina da rai, ko in sa matarshi ta shiga takaba?"

Zaharaddeen ya dubi hular.

A waje ana ta sallama, ana gyara zama. Liman bai iso ba, amma an aika a kira shi.

Wata zuciya ta ce masa, kalma nawa ce? Ka ce yana da rai, ta ɗauki ƙafa ta tafi da farin ciki, kai ma ka tsira. Wa aka cuta? Ai alheri ne ma.

Hannunsa ya miƙe da kansa ya karɓi hular.

"Inna, in sha Allahu ɗanki..."

"Kai, ina aka ajiye goron?"

Malam Mani ne a bakin zaure.

Tsohon ya tsaya cak. Ya dubi matar da ke durƙushe. Ya dubi kazar. Ya dubi hular da ke hannun ɗansa. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san inda ake ganin abubuwan nan uku a haɗe.

Ya juya wurin baƙuwar.

"Baiwar Allah, an kwana lahiya? Ya mutanen gida? Ya hanya?"

"Lahiya lau. Kai ne uban Malam?"

"Haka aka ce."

"Allah ya yi maka baiwa. Ka haihu. Sunan ɗanka har ƙasarmu ya kai."

Ta kwashe komai ta faɗa masa, da Daudu, da Yasir, da na'urar da ba ta kuskure. Tana faɗa tana sa albarka. Kowace albarka ta sa, Zaharaddeen sai ya ji kamar an ƙara masa dutse a wuya.

Malam Mani ya jawo ƙyauren zaure ya rufe. Ya zauna a kan dakali, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Duba kake yi?"

"A'a, Baba. Wallahi ba duba ba ne."

"Kada ka rantse mani da hular mutum a hannunka. Maida mata."

Zaharaddeen ya durƙusa ya ajiye hular a gaban tsohuwar. Ya zauna a nan ƙasa.

"To mine ne?"

"Lissafi ne, Baba."

"Lissafin mi?"

"Na ƙwallo."

"Ƙwallo. In an lissafa sai a yi mi?"

Zaharaddeen ya kau da kai.

"Da kai nike."

"Sai a sa kuɗi a kan wanda zai ci."

"In bai ci ba?"

"Kuɗin sun tafi."

"Wurin wa?"

"Kamfani."

"In ya ci?"

"Su biya ka da riba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai jin farashin taki.

"Ni ban zauna aji ba. Faɗa mani sunan wanga abu yadda mutanen Karare za su gane."

Zaharaddeen ya taɓa tsayawa gaban manyan jami'an ilimi ya yi bayani bai ji ɗar ba. Yau kalma guda ta yi masa nauyi.

"Caca ce, Baba."

A cikin gida ana dakan fura tun ɗazu. Dakan ya tsaya.

Malam Mani bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi sauƙi.

"Na shigo ina roƙon Allah kada ya zan boka na haifa. Ya amsa mani. Ashe ban iya roƙo ba."

Tasalla ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta fahimci inda maganar ta dosa ba, ita ɗanta ne a ranta.

"Malam, ni ba ruwana da ƙwallo. Ko ta mece ce, ai ta sani. Abin da ya san na Turawa can uwa duniya, Daudu da ke nan dajin bayanmu zai gagare shi? Ka sa sunanshi ciki. Daudu Lawwali. In kazar ta yi kaɗan, ina da akuya."

"Inna, don Allah ki bari."

"An gwada ta fa. Yasir ya gani da idonshi, ya ce layi ne kore ya miƙe sama bai karkace ba."

Malam Mani ya ce,

"Ka ba ta amsa. An gwada?"

"An gwada, Baba."

"Ta sani?"

Nan ne wurin da ya fi yi masa ciwo. Caca kowa ya san zunubi ce, amma ko a cikin masu zunubi akwai mai kare kansa da cewa ya iya. Shi ko wannan ba shi da ita. Abin da ya ɓoye wa samarin gidan kallo, ya ɓoye wa Sa'adiyya, ya yi ta ƙoƙarin ɓoye wa kansa, shi ne yau tsohuwar ƙauye ta zo da kaza tana tambaya.

"Ba ta sani ba."

"To gwajin mi anka yi?"

Zaharaddeen ya ce,

"Wasannin da aka riga aka buga nake ɗaukowa, in rufe mata sakamakon, in ce ta faɗa. Da farko ta faɗi wasu daidai, wasu ba daidai ba, kamar yadda kowa zai yi. Sai in gyara nan, in taɓa can, in sake ba ta wasannin nan dai. Ta yi kuskure, in sake gyarawa. Haka na yi ta yi har ta daina kuskure."

Tasalla ta ce,

"To ai ta iya ke nan."

"Ba ta iya ba, Inna. Haddacewa ta yi. Kamar in ba ɗalibi jarrabawa ya faɗi, in nuna masa amsa, in sake ba shi takardar nan dai. Dole ya ci. Amma in aka kawo sabuwar takarda, yana nan inda yake."

Malam Mani ya ce,

"Kai da ke koyar da 'ya'yan mutane, ba ka san haka ba?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Abokin karatuna Nurain ya gargaɗe ni tun farko. Ya ce in ware wasannin shekara guda in kulle, kada in bar ta ta gansu sai na gama gyare-gyarena, su ne za su gaya min gaskiya. Na ware. Da na gama na kawo su."

"Sai?"

"Ta faɗi warwas. Da kuɗin gaske aka sa, da an yi asara."

"Sai ka bari."

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Sai na haɗa shekarar da sauran, na sake gyarawa har ta ci. Hoton wannan ne Yasir ya gani."

"Ka san ƙarya ce ka nuna ma su Yasir?"

"Na yi ta gaya wa kaina za ta gyaru a gaba. Na ɓata lokaci mai yawa a kanta, Baba, na kasa yarda cewa ba komai a ciki."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Na sani, na nuna musu."

"Su kuma suna sa kuɗinsu."

"Suna sawa. Ranar da ta dace in sa a guruf, kowa ya yi ta kirari. Ranar da ta faɗi in ce alƙalin wasa ne, ko wani ya ji ciwo."

Kazar ta yi fiffike ta faɗi a gefe. Ba wanda ya tayar da ita.

Tasalla ta daɗe tana kallon hular. Sannan ta ɗauka, ta karkaɗe ƙurar da ta taɓa ta, ta ninke, ta maida bakin zane.

"Ke nan ba ka sani ba."

"Ban sani ba, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Amma da uban naka bai shigo ba, ka fara cewa in sha Allahu ɗana. Mi za ka ce?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

"Cewa zan yi yana da rai."

"Don mi?"

"Don ki tafi."

Ba ta zage shi ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce,

"Da na koma na gaya ma matarshi Malam ya duba. Da mun yi ta jira a kan maganarka."

Ta dafa bango za ta miƙe, gwiwa ta ƙi. Malam Mani ya ce,

"Baiwar Allah, dakata. Ki yi haƙuri da abin da kinka taras a gidan ɗana. Rai da mutuwa ba wanda ya san su sai Mai su. Maganar takaba kuma ki kai ta gaban malaman garinku, akwai hukuncin matar wanda ya ɓace, su za su gaya maki. Kada yarinyar nan ta shiga takaba a kan faɗar kowa. Shiga ciki ki sha ruwa, ki huta. In an zo addu'a ni da kaina zan sa a yi ma Daudu."

"Na gode. Allah shi saka."

Ta ɗauki kazarta ta rungume, ta bi ƙofar cikin gida. Da ta ɗaga labulen buhu, Zaharaddeen ya hango ƙafafun mata jere a bayan bango, suna ja da baya. Ya gane zanen gwaggon Sa'adiyya a ciki. Abin da aka faɗa a zauren nan ya riga ya isa ɗakin mai jego.

Suka rage su biyu.

A waje wani yana ba da labarin farashin masara, ana dariya. Ragon ya yi kuka.

Malam Mani ya ɗaga kai.

"Wancan da ke ɗaure. Da albashi ka saye shi?"

Zaharaddeen ya san in ya ce e, ba mai ƙaryata shi. Ba wanda ya ga shigar kuɗin. Amma bakin da ya gama faɗin abin da ya faɗa ya gaji.

"Albashi bai shigo ba, Baba. Satin da Sa'adiyya ta haihu Na'ura ta dace."

"Ta dace."

"E."

"Wasu sunka rasa, kai ka samu, ka sayo rago."

"Baba..."

"Jiya na shafa bayanshi gaban mutane. Na ce Allah shi yi ma nemanka albarka. Ka ce amin. Ka bar ni da furfurata na sa ma caca albarka, kana tsaye."

Zaharaddeen ya rarrafa ya kama ƙafar uban.

"Na tuba, Baba. Wallahi na bari daga yau. Zan goge ta, zan rufe guruf ɗin. Amma don girman Allah ka rufa min asiri na safiyar nan kawai. Shugaban makarantarmu yana waje. Iyayen Sa'adiyya suna waje. Ɗalibaina ma sun zo."

"Su samarin naka fa?"

"Suna nan."

"Sun zo cin naman kuɗinsu."

"Baba, ka ji wata dabara. Lawal yana da raguna a gida. In kira shi gefe, ya kwance wannan a ce an ga aibu a ƙafarsa, ya kawo wani. In albashi ya shigo mu daidaita. Ba wanda zai sani. A yanka na halal, a raɗa suna, komai ya tafi daidai."

Malam Mani ya zare ƙafarsa a hankali.

"A ce an ga aibu a ƙafarshi."

"Don a rufe maganar ne kawai."

"Ka faɗi, ka rufe ƙofa, ka gyara, ka fito ka nuna ma mutane ka ci. Yanzu ka gama gaya mani haka ka yi ma na'urarka. Ni ma haka za ka yi mani?"

Tsohon ya ci gaba,

"Ƙafar ragon nan lahiyarta lau. Ba zan tsaya a yi ma dabba ƙazafi ba don a wanke ka."

"To sunan fa, Baba?"

Tun cikin Sa'adiyya yana ƙarami Zaharaddeen yake roƙon Allah ya ba shi namiji don ya yi wa tsohon nan takwara. Malam Mani ya sayar da amfanin gona ya kai shi makaranta lokacin da sa'o'insa ke bin shanu, bai taɓa ce masa ka biya ni ba. Wannan sunan shi ne abu ɗaya da Zaharaddeen ya ga zai iya ba shi.

Tsohon ya ce,

"Sunan nawa ne. Ranar da anka raɗa mani shi, ɗan akuya ubana ya yanka, ƙarami, wanda anka haifa a turkenshi. Ba wanda ya ƙoshi, amma ba wanda ya ci haƙƙin wani. Haka na riƙe sunan har yau. Jinjirin nan bai yi ma kowa laifi ba, jikana ne, ina son shi. Amma Usman ba ya hawa bayan wancan ragon."

"To in an canja ragon?"

"Ragon kaɗai ne matsalar?"

Kafin ya amsa, hayaniyar waje ta lafa. Aka ji ana "sannu da zuwa, Malam, bismillah, ga buzu." Liman ya iso.

Lawal ya ƙwanƙwasa ƙyauren da ƙotar wuƙa.

"Angon ƙarni, rana tana yi. Malam ya zauna, kai ake jira. Ko kunyar fitowa kake, sai ka ce amarya?"

Malam Mani ya miƙe. Ya gyara rawaninsa, ya karkaɗe bayan riga.

"Baba, me za ka ce musu?"

Tsohon ya nufi ƙofa.

"Baba, don darajar Innata da ke kabari."

Tsohon ya tsaya, hannunsa a kan sakata. Na ɗan lokaci Zaharaddeen ya ga kafaɗunsa sun sauka. Ya sa rai.

Malam Mani ya zare sakatar ya fita.

Ta tsagar ƙyaure Zaharaddeen yake kallo. Tabarmi sun cika har bakin hanya. Surukinsa yana kusa da liman da sabuwar shadda. Shugaban makaranta yana gefe yana amsa gaisuwa. Can baya samarin gidan kallo sun jeru a kan baburansu, Yasir a tsakiya yana danna waya.

Kowa ya san yadda ake yi. Kakan jariri zai durƙusa gaban liman, ya kai baki kunnensa ya faɗi suna, a kwantar da rago, a shafa Fatiha.

Liman ya karkato da kunnensa yana murmushi.

Malam Mani bai durƙusa ba.

Ya tsaya a tsakiyar tabarmi ya yi sallama, aka amsa. Ya dubi Lawal, wanda ya riga ya kama ƙahon ragon.

"Lawal, sake shi. Maida wuƙarka kube."

Lawal ya yi dariya, ya duba fuskar tsohon, dariyar ta tsaya. Ya saki ƙahon.

"Malam Liman, a gafarce ni, a dakata da Fatiha. Da farko ina roƙon jama'a addu'a ga wani bawan Allah, Daudu na Babban Duhu, da ke hannun mutanen daji. Uwarshi tana cikin gidan nan. Na biyu, jiya wasunku sun ji na yabi wanga rago. Na janye."

Surukin ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Yasir ya ɗago daga wayarsa.

Malam Mani ya juyo ya fuskanci zaure.

Zaharaddeen ɗan fari ne. Tunda ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba, daga "kai" sai "yaron nan", saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ya sha yi wa kansa fatan ranar da tsohon zai kira shi da suna ko sau ɗaya.

"Zaharaddeen."

Tsohon ya sake kira,

"Zaharaddeen, fito. Mutanen nan namanka sunka zo ci. Zo ka gaya masu abin da za su ci, sannan in ga ko ina da sunan da zan ba Malam."